BARKAR DA TA RIGA HAIHUWA

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," na ji ku. Wata har ta ce in ban saki shafin nan yau ba ta daina gaishe ni. To ga shi. Amma mai jin haushin Auta ta ajiye ruwan sanyi kusa, domin ni da nake rubutawa ma sai da na ajiye wayar na zagaya ɗaki na dawo.

*

Wayar Mama ce ta fara tona asirin.

Mama ba ta amsa waya a kunne. Kunnenta ɗaya ya yi nauyi, don haka duk wanda ya kira ta, gidan gaba ɗaya ya kira. Tana zaune a falo tana ninke wanki wayar ta yi ƙara, ta danna lasifika ta ajiye a cinya.

"Mama barka! Barka da arziki! Ashe Yaya ta sauka, shi ne ko a faɗa mana?"

Hannun Mama ya tsaya a kan zanin gadon da take ninkewa.

"Wa ke magana?"

"Ni ce mana, telar da ta ɗinka labulen ɗakin jariri. Yanzun nan na gani a bulog ɗin Auta. Namiji ko? Masha Allah, wannan ɗan hannu abin sha'awa!"

Mama ta ajiye zanin a gefe. Can ta ce, "Allah ya karɓi abinsa, 'yar nan. Bai zo da rai ba."

"Innalillahi... Mama wallahi ni... to ai a rubuce yake, har da hoto..."

Mama ta kashe wayar.

Auta tana kicin tana zuba ruwan zafi a filas, kuma babu kalma ɗaya da ta wuce ta. Sai da ruwan ya tumbatsa ya ɗiga mata a yatsan ƙafa sannan ta dawo hayyacinta. Ta dire butar ta kwasa da gudu zuwa ɗakinta, ko kallon falon ba ta yi ba.

Naƙuda ta zo wa yayarta tun kafin ranar da likita ya faɗa, ta zo da gardama, yaron kuma ya zo babu numfashi. Kawu ne ya tsaya aka rufe shi a ranar. Tun da aka sallamo su daga asibiti Yaya take ɗakin Mama na ciki, ba ta magana, ba ta son haske. Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Tirela, yana kan doguwar hanya da kaya. Mama ta kafa doka cewa kada wanda ya faɗa masa a waya, don ba a gaya wa mutumin da ke riƙe da sitiyari irin wannan magana. In ya samu sabis ya kira, sai a ce masa jikin ne ya ɗan motsa, tana barci. Ana jira ya dawo gida ya zauna a ƙasa tukuna.

Duk wannan lallaɓawar ce Auta ta watsar a safiya ɗaya.

Ta buɗe kwamfutarta, sai da ta kuskure lambar sirri ta sake. A bangon da ke gabanta ga jadawalin bulog ɗin nan da take alfahari da shi, takardu masu launi manne a jere. Litinin gyaran kicin, Laraba kwalliyar ɗaki, Juma'a hirar iyali. Labulen Ɗaki sunan bulog ɗin, kuma Auta ba ta taɓa bari ya kwana da yunwa ba. Zama take yi ta rubuta na wata guda ta ajiye, ta saita wa kowanne ranarsa, ya fita da kansa ko tana barci. In an yaba mata sai ta ɗaga kai ta ce ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga shi nan kuwa a saman shafin, da manyan haruffa: BAƘONMU YA ISO!

Wayarta ta ɗauki ƙara. Tsinke ce, ƙawarta da ke ɗaukar wa bulog ɗin hotuna.

"Ke Auta, kanki ɗaya kuwa?"

"Ina gogewa, ina gogewa..."

"Ban tambaye ki a asibiti ba? Na ce kin tsayar da duk abin da ke layi, kika ce min eh!"

"Na tsayar! Wallahi duk na 'Muna Jiran Baƙo' na tsayar da su, ɗaya bayan ɗaya."

"To wannan daga sama ya faɗo? Ni da nake saka hotuna ban taɓa ganinsa ba."

Auta ta koma kan kwamfutar. Ta danna gogewa, abin ya tsaya yana juyawa, sabis ya zaɓi yau ya yi mata yanga.

"Magana nake miki."

"A ƙarƙashin gyaran kicin na saka shi."

"Kicin?"

"Don kar ki gani."

"Don kar in gani."

"Na san za ki ce in bari sai an haihu."

"Zan ce mana! Duk mai hankali zai ce!"

"Cewa na yi ranar haihuwa ba zan samu sukuni ba, ga baƙi ga hidima. Shi ne na rubuta na ajiye, na saita masa ranar da likita ya faɗa. Na ce in an haihu kafin nan sai in ɗan gyara in sake shi. Da abin ya faru na shiga na tsayar da na jariri duka, ban ko tuna da kicin ba..."

"Ba a fafe gora ranar tafiya ko? To ga goran nan kin fafe, sai ki sha."

"Tsinke don Allah."

"Ya gogu?"

Abin ya daina juyawa. Shafin ya koma kan rubutun Laraba, na yadda ake jera matasan kujera.

"Ya gogu."

"Kin goge naki. Na wayoyin mutane fa? Tun da hantsi yake sama. An ɗauki hotonsa an saka a sitatus, an tura wa 'yan ajinmu, malaman makarantar su Yaya har sun fara maganar zuwa barka. Ni kaina a kasuwa wata ta tare ni tana min murna, na tsaya kamar an dasa ni."

Auta ta kifa kanta a kan tebur.

"Zan rubuta ban haƙuri. Yanzu zan rubuta in saka..."

"Har yanzu rubutu kike tunani? Ke tashi ki je wajen mutanen gidanku!"

Tsinke ta kashe.

Ba sai Auta ta je ba. Da ta ɗago, Mama na tsaye a bakin ƙofa, zanin gadon da take ninkewa har yanzu yana hannunta.

Mama mace ce mai faɗa. In ka bar cokali a bakin famfo sai maƙwabta sun san ka bar shi. Da faɗan ta yi, da Auta ta samu sauƙi. Amma ta tsaya ne kawai tana kallon takardun bangon nan, tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Me kika gaya wa duniya?"

"Mama kuskure ne. Da kansa ya fita."

"Da kansa ya rubuta kansa?"

Auta ta sauko daga kujera ta durƙusa.

"Ni na rubuta. Tun da daɗewa."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun ranar da aka gama fentin ɗakin."

"Yana ciki ke nan."

"Eh."

"Yana cikin uwarsa, ke kin riga kin haife shi a kwamfuta."

Auta ta kasa ɗaga ido. Tana kallon yatsun ƙafar Mama, tana jin da ma ƙasa ta tsage ta shige.

"Sau nawa na ce miki ki bar cikin nan ya huta? Yau hoton labule, gobe hoton gado, jibi hoton 'yan safa. Kika ce min mabiya suna so. Yayarki ta ce a ƙyale ki, sana'arki ce, na ja bakina na yi shiru. Ban san har kin riga malam masallaci ba."

"Mama niyyata..."

"Ke kika san gobe?"

"A'a."

"To wa ya ba ki ita har kika rubuta?"

Wayar Mama ta sake ƙara a falo. Ta katse, wata ta shigo. Ta Auta ma ta ɗauka a kan tebur, saƙonni suna faɗowa kamar ruwan sama a kwano. Mama ta juya za ta je ta kashe tata, sai ga murya daga ɗakin ciki.

"Auta."

Duk su biyun suka daskare. Tun da aka dawo daga asibiti Yaya ba ta kira sunan kowa ba. In an kai mata ruwa ta karɓa, in an ce sannu ta gyaɗa kai.

"Auta, zo."

Mama ta ce a hankali, "Bari in je."

"Ita nake kira, Mama."

Ni dai ban taɓa ganin tafiya mai nisa irin wadda Auta ta yi daga ɗakinta zuwa ɗakin ciki ba, alhali falo ne kawai a tsakani.

Labulen a sauke yake. Ɗakin na warin magani da man zafi. Yaya na zaune a gefen gado, ta jingina da bango, gaban rigarta ya jiƙe da ruwan nonon da ya zo bai tarar da mai sha ba. Wayarta na hannunta, haskenta kaɗai ne a fuskarta.

"Rufe ƙofar."

Auta ta rufe. Ta durƙusa a bakin gadon.

"Yaya ki yafe min. Don girman Allah ki..."

"Ungo. Karanta min."

"Na goge shi, Yaya."

"A wayata bai gogu ba. Na buɗe shi tun kafin ki goge. Idona ba ya gani sosai, kaina na ciwo. Karanta min."

"Ba zan iya ba."

"Kin iya rubutawa."

Auta ta karɓi wayar. Kalmomin da ta zauna ta zaɓa da hannunta, tana shan shayi tana murmushi, yau su ne suke kallonta. Ta fara da murya kamar ba tata ba.

"'Jama'ar Labulen Ɗaki, baƙonmu ya iso! Da safiyar nan Allah ya sauki yayata lafiya...'"

"Lafiya. To. Ci gaba."

"'Namiji ne, jawur da shi, ga gashi kwance kamar an shafa masa mai. Da ya tsala kuka sai da nas ta yi dariya, ta ce wannan za a sha rigima...'"

Ta tsaya da karatun.

"Ya yi kuka ashe," in ji Yaya. "Ni ban ji ba. Ci gaba."

"Yaya..."

"Na ce ci gaba."

"'Yaya ta karɓe shi ta ɗora a ƙirjinta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce...'"

"Me na ce?"

Hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar. Auta ta goge da babban yatsa.

"Me na ce masa, Auta? Ina so in ji."

"'Ta ce, sannu da zuwa, mun daɗe muna jiranka.'"

Yaya ta lumshe ido. Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai jin karatun ɗaliba.

"Kin iya. Wallahi kin iya. Abin da zan ce ke nan da na samu."

Auta ta fashe da kuka.

"Allura suka yi min," Yaya ta ci gaba, muryarta a kwance. "Da na farka Kawu ya riga ya tafi da shi. Mama ta ce gara haka, wai in na gan shi ba zan manta ba. Ga shi ban gan shi ba, kuma ban manta ba."

Ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta ja shafin ƙasa, ta tsaya a kan hoton, ta buɗe shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Ɗan ƙaramin hannu ne, jajir, ya damƙe yatsan babba. A yatsan akwai zoben azurfa, irin wanda ke hannun Auta yanzu haka.

Sai muryar Yaya ta canza. Taurin nan ya zube, ta koma kamar yarinya mai roƙon abu.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Ki gaya min gaskiya, na yafe miki sauran."

Auta ta ɗago kai.

"Mama ta ce ke kika kai zanin da aka naɗe shi. Kin shiga inda suka ajiye shi ke nan. Wannan zobenki ne." Ta matso da wayar. "Hannunsa ne? Kin ɗauka min ne kika ɓoye?"

Jama'a, ni kaina na so Auta ta yi ƙarya. Kalma ɗaya ce, eh, kuma Yaya za ta rungume wayar nan ta samu abin riƙewa har ƙarshen rayuwarta. Auta ta buɗe baki, eh ɗin ya zo har kan harshenta. Sai ta tuna cewa uwar yaron da ke hoton tana nan bayan katangarsu, kuma tana bin bulog ɗin.

"Ba nasa ba ne."

Yaya ba ta motsa ba.

"Na jaririn maƙwabtanmu ne. Ranar da na shiga yi musu barka na ɗauka. Na ce zan riƙe wurin da shi, in namu ya zo sai in canza."

"Ki riƙe wuri."

"Eh."

"Kamar kujera a asibiti."

Auta ta dafe bakinta.

Yaya ta kalli hoton ta daɗe. Sannan ta sa gefen zaninta ta goge gilashin wayar, ta sake gogewa.

"Tun ɗazu nake sumbatar hannun ɗan maƙwabta."

Da mari ta yi mata, da Auta ta gode. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda mutum ke jin ko fatar jikinsa ta yi masa yawa. Ta kai goshinta ƙasa kusa da ƙafar Yaya, Yaya ta janye ƙafar.

"To ke da kika gan shi, faɗa min. Yaya yake? Yana da gashin?"

Auta ta kau da kai.

"Auta. Kamannin wa ya ɗauko?"

"Ban... ban kalle shi ba."

"Me?"

"Na kasa, Yaya. Na miƙa wa nas zanin na juya baya. Tsoro nake ji."

Yaya ta yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo.

"Wanda ba a haifa ba kin gan shi har gashin kansa. Wanda Allah ya kawo kuma kin kasa kallonsa."

"Ki yafe min..."

"Ni na ce a ƙyale ki. Mama na faɗa ina kare ki. Na ce Auta ba ta zaman banza, ta fi mu tsari, abinta a shirye yake tun kafin lokaci. Ina ɗaga miki labule ki ɗauki hoto. Ina jera miki 'yan riguna a gado, ki ce in matsar da shuɗiyar gefe don haske. Ashe ni ɗa nake jira, ke rubutun Juma'a kike jira."

"Wallahi ina son shi! Wallahi Yaya ni ma ɗana ne!"

"Na sani. Shi ya sa ban tsine miki ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar a hankali. Mama ce.

"Ku buɗe. Ya isa haka, jikinki ba ƙwari."

"Saura kaɗan, Mama. Ba ta gama karatun ba."

Auta ta ɗago da sauri. Ta san abin da ya rage. Tun da ta shigo ɗakin take addu'ar kada a kai wurin.

Yaya ta miƙo mata wayar.

"Layin ƙarshe."

"Yaya na roƙe ki."

"Ɗaga murya, Mama ta ji. Kin san kunnenta."

Auta ta riƙe wayar da hannu biyu.

"'Mai Tirela, in kana karantawa daga kan hanya, yaron motarka ya iso. Sai ka taka a hankali, yana nan yana jiranka.'"

Ƙofar ta buɗe. Mama ta shigo, fuskarta ta canza.

"Yana karanta abin nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Tambaya nake! Mijinta yana karanta abin nan naki?"

"Ni na buɗe masa," in ji Auta, da ƙyar ake jin ta. "Ya ce yana so ya riƙa ganin yadda ɗakin ke tafiya in yana hanya. Na saita masa yadda duk abin da na saka wayarsa za ta yi ƙara."

Mama ta nemi bakin gado ta zauna.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da nake ta lallaɓawa. Jiya ma ya kira, na ce masa tana barci. Yana kan titi da wannan ƙatuwar mota..."

"Wataƙila ba shi da sabis," Auta ta ce da sauri, kamar mai kama igiyar da ta ruɓe. "Wani lokaci yana daɗewa bai shiga ba. Wataƙila na goge kafin..."

"Ja ƙasa," in ji Yaya.

"Na'am?"

"Wajen sharhi. Ja ƙasa ki ga na farko."

Auta ta ja. Ga barka nan rututu, ga addu'o'i, ga masu tambayar suna. A can sama da su duka, na farko, ga ɗan hoton mutum tsaye a gaban tirela yana dariya. Kullum shi ne na farko. Ko rubutun jera tukwane ta saka sai ya rubuta mata "aikinki na kyau, Auta."

Wannan karon ba ta jira an ce ta karanta ba. Bakinta ne kawai ya motsa.

"'Allahu Akbar! Shi ne kuke ta ce min tana barci? Na gano ku, mamaki kuke so ku ba ni! Na shigo gari tun safe, ina sauke kaya. Kar wanda ya kira ni, ni ma zan ba ku nawa mamakin. Auta, tukuicinki yana hannuna.'"

Mama ta ɗora hannu biyu a ka.

"Kira shi," ta ce. "A'a, kar ki kira. Kira Kawu ya tare shi a hanya. Maza!"

Auta ta miƙe tana laluben aljihu, sai ta tuna wayarta na can ɗakinta. Ta kama hannun ƙofa ke nan suka ji tsayuwar tasi a ƙofar gida. Aka rufe murfin mota. Aka turo ƙyauren gidan da ƙafa, yadda mai kaya a hannu biyu ke yi.

Sai fito. Wannan fiton da yake yi duk ranar da ya dawo daga tafiya, wanda in Yaya ta ji take tashi ta gyara ɗankwali.

Yaya ta runtse ido, hannunta ya kai kan rigarta da ta jiƙe.

"Assalamu alaikum, masu ɓoye magana!" Muryarsa ta cika tsakar gidan. "Mama! Mama kin iya shiri, wallahi kin iya! Ina yake? Ina yaron motata?"

Aka ji ya dire kaya a falo. Wani abu ya gangara a kan tayil yana kiɗa, ƙaramar motar wasa ce irin mai waƙa in an tura ta.

Mama ta yunƙura za ta tashi. 

"Zauna, Mama," in ji Yaya. Ta juyo ta kalli ƙanwarta, karo na farko ido cikin ido. "Auta."

"Yaya don Allah. Don Allah kar ki sa ni."

"Ke kika ba shi ɗa."

"Yaya..."

"Je ki karɓe."

Takunsa ya ratso falon ya tsaya a bayan ƙofar. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, a hankali, don kada ya tashi jariri. Har muryarsa ya rage.

"Auta mai albishir, na ga takalminki. Buɗe mana. Na wanke hannuna, a shirye nake in ɗauke shi."

Hannun ƙofar ya fara juyawa a cikin tafin Auta.